Dutse da Ruwa da Laka a Tarihin 'Yankara da Kewayenta

Gabatarwa

Idan aka ambaci tarihi, abin da yakan fara faɗo wa ɗalibi a rai shi ne jerin sunayen sarakuna, da shekarun da kowannensu ya yi a gadon sarauta, da yaƙe-yaƙen da ya ci ko aka ci shi. Idan kuwa aka ambaci labarin ƙasa, sai ya tuna da haddar da aka ba shi tun yana firamare, watau ma'anar tsauni da kwari da tsibiri da tafki, tare da misalan da aka ɗebo masa daga nesa, irin su kogin Nilu da duwatsun Himalaya. Da wuya a sami wanda ya haɗa masa darussan nan biyu wuri guda, balle a nuna masa cewa dutsen da ke bayan garinsu, da ƙoramar da yake tsallakewa in za shi gona, suna da hannu a cikin abin da ya sami kakanninsa.

Manufar wannan maƙala ita ce ta gwada haɗa su. Wurin da za mu ɗauka misali shi ne kudu maso yammacin Jihar Katsina, watau ƙasar Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa. A tsakiyar bayanin akwai 'Yankara, wani gari na Ƙaramar Hukumar Faskari da ke kan hanyar Funtuwa zuwa Gusau, dab da iyakar Katsina da Zamfara. Matafiyi ya san shi zango ne da kasuwa. Amma wanda ya tsaya ya dubi shimfiɗar ƙasar da idon basira zai ga cewa abubuwa uku ne suka yi ta juya al'amuran mutanenta tun zamanin da: dutse da ruwa da laka. Su suka jawo mutane, su suka ciyar da su, su ne kuma suka mai da wurin bakin iyaka, da alherin da ke cikin haka da kuma sharrinsa.

Doron Ƙasar Hausa

Mu fara da tudu. Wanda ya saba tafiya a mota yakan ɗauka ƙasar Hausa shimfiɗe take kamar tabarma, amma ba haka abin yake ba. Tana da doro, wanda ya taso daga wajen Zariya ya ratsa kudancin Katsina. Funtuwa tana bisa wannan doro, kimanin mita 700 sama da bakin teku. Gusau kimanin mita 450 take, Sakkwato kuwa wajen mita 300. Ke nan direban da ya tashi daga Funtuwa, ya bi ta Mairuwa da Sheme da 'Yankara ya nufi Sakkwato, gangara yake yi, sai dai gangarar a hankali take, shi ya sa ba ya jin ta a jikinsa.

Ƙarƙashin wannan doro duk dutse ne, tsoho ƙwarai, wanda masana ke kira dutsen tushe saboda a kansa sauran shimfiɗun ƙasa suka zauna. Mafi shahara a cikinsa shi ne giranit, watau dutsen nan mai tauri da ake fasawa a yi tsakuwar gini da ta hanya. Asalinsa narkakken dutse ne wanda ya huce ya sandare can cikin ƙasa kimanin shekaru miliyan 600 da suka wuce. To, yaya aka yi abin da ke binne ya fito fili har ya zama tsauni? Aikin ruwan sama ne. Ruwa kan bi tsagar dutse ya nutse, ya yi ta cin sa a hankali har ya ruɓe ya koma ƙasa. Inda tsagogi suka yi yawa, ruɓewar takan yi zurfi. Inda dutsen ya zama curi guda ba tsaga, sai ya gagari ruwa. Da zamani ya yi ta tafiya, ruwa da iska suka kwashe ruɓaɓɓiyar ƙasar, sai curin da ya gagara ya bayyana, tsaye shi kaɗai da sanƙon kai, kamar ƙwarya a kife.

Irin waɗannan duwatsu ne ake gani warwatse a ƙasar Faskari da Ƙanƙara da Tsafe, kuma wanda ya fi suna a wannan hanya shi ne dutsen Kwatarkwashi, kafin a shiga Gusau. Kufena ta Zariya ma danginsu ce. Masana sun raɗa musu wani suna na Jamusanci mai ma'anar dutse-tsibiri, domin suna tsaye a fili kamar tsibiri a tsakiyar ruwa. Kada a haɗa su da irin Dala da Gwauron Dutse na Kano, waɗanda tuddai ne masu shimfiɗaɗɗen kai da hular marmara.

Ruɓewar dutse ma ba asara ba ce. A ƙasar Ƙanƙara ta bar farar ƙasa mai yawa, irin wadda masana'antun fenti da takarda da tangaram ke bukata. A cikin marmara kuma maƙeran da suke samun tama, su narka ta su fid da ƙarfe. Can yamma da kudu, wajen Maru da Anka da Birnin Gwari, akwai wani dutse mai falle-falle wanda jijiyoyin zinariya suka ratsa, kuma za mu sake komowa kansa nan gaba.

Inda Ruwa Ke Rabuwa

Kowane doro yana raba ruwa, kamar yadda tsakiyar rufin kwano ke raba ruwan sama, wani ya zuba ta gaba wani ta baya. Doron kudancin Katsina kuwa gida uku yake raba nasa.

Kashi na farko arewa maso yamma yake nufa. Kogin Sakkwato daga kusa da Funtuwa ya faro, ya gangara ta Gusau, ya cika madatsar Bakolori da aka gama a 1978 kusa da Talatar Mafara, sa'an nan ya haɗu da gulbin Rima kusa da birnin Sakkwato. Shi kansa Rima yana shan ruwan Gagare da Bunsuru, waɗanda su ma daga tuddan nan suka taso. Daga nan ruwan ya juya kudu, ya wuce Argungu da Birnin Kebbi, ya faɗa kogin Kwara.

Kashi na biyu kudu yake yi. Ƙoramun da ke ɗaya gefen doron, ta wajen Ɗandume da Sabuwa da Birnin Gwari, suna gangarawa zuwa kogunan Tubo da Mariga, su kuma su zuba cikin kogin Kaduna, wanda ke saduwa da Kwara a ƙasar Nupe, daura da Pategi. Mai karatu ya dubi wannan abin mamaki: ɗigon ruwa biyu da suka sauko a hadari ɗaya, tsakaninsu tafiyar ƙafa ta 'yan sa'o'i, ɗaya ya bi ta Sakkwato ɗaya ya bi ta Kaduna, ba za su sake gamuwa ba sai a Nupe, bayan na farkon ya yi dogon zagaye ya ratsa tafkin Kainji. Daga nan su tafi teku tare.

Kashi na uku gabas yake gangarawa, ta wajen iyakar Kano, ya shiga kogin Challawa, ya bi ta Haɗeja da kogin Yobe ya nufi tafkin Chadi. Wannan ruwa ba ya ganin teku har abada.

Abubuwa uku suka biyo bayan wannan rabo. Na farko, mazaunin kan doro ba shi da babban kogi. Abin da yake da shi 'yan ƙoramu ne, masu cika su yi toroƙo da damina, su ƙafe da rani su bar rairayi. Ruwan sama kam ba laifi, domin yankin Funtuwa yakan sami kimanin milimita 1,000 ko fiye a shekara, alhali Birnin Katsina wajen 600 zuwa 700 yake samu. Amma ruwan ba ya zama, gudu yake yi ya tafi ga wasu. Na biyu, dutsen tushe ba ya riƙe ruwa sai a ruɓaɓɓen samansa da cikin tsagoginsa. Shi ya sa rijiya takan ƙafe da bazara, shi ya sa kuma akan haƙa rijiyar burtsatse a tarar da busasshen dutse, a matsa kaɗan a sami ruwa. Hausawa na cewa ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba, amma a nan sai an san inda za a tona. Na uku, ƙasar da kwarurrukanta suka buɗe ta fuska uku, mutanenta ma fuska uku sukan duba wajen ciniki da auratayya da biyayya: wasu Zamfara, wasu Zazzau da Gwari, wasu Katsina da Kano.

Laka da Jigawa

Mutanen da sun lura da bambancin ƙasarsu tun kafin zuwan masu awo. Kudancin tsohuwar daular Katsina suna kiransa Katsina Laka, saboda ƙasarsa mai nauyi ce mai danƙo, ba kamar jigawar arewa mai rairayi ba. Ilmin zamani ya bayyana dalili. A wasu zamunna masu nisa, wanda na baya-bayan nan a cikinsu ya kai kimanin shekaru 20,000, duniya ta yi sanyi, ruwan sama ya ja baya, Hamada ta matso kudu nesa da inda take yau. Iskar arewa maso gabas ta riƙa kwaso ƙasa tana zubarwa. Rairayi mai nauyi ya faɗi da wuri, a arewacin Katsina da Daura da Kano, ya zama jigawa. Ƙura mai laushi kuwa ta yi nisa, ta sauka a kan doron Funtuwa da Zariya, ta gauraya da ruɓaɓɓen dutse, ta zama ƙasa mai riƙe ruwa da taki. Hazon hunturu da ke zuwa mana kowace shekara daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi ci gaban wannan aiki ne.

Kowace ƙasa da abin da take so. Jigawa ta gero ce da gyaɗa da wake, tana da sauƙin noma amma saurin gajiya gare ta. Laka ta dawa ce da auduga, fadamunta kuma na rake da shinkafa da kayan lambu. Tana da wuyar huɗa, amma tana biyan wanda ya jure. Ga sarkin da ke zaune a Birnin Katsina, can cikin jigawa, kudu ita ce rumbu, kuma duk shekarar da damina ta yi gardama a arewa nan ake dubawa. Wannan arziki ne ya ɗaukaka garuruwan kudu irin su Maska da Gozaki da Kogo da Pauwa da 'Yandoto, har suka zama masu sarautu na kansu waɗanda Birni ba ya iya raina su.

Zaman Gindin Dutse

Marigayi Farfesa Abdullahi Smith, a nazarinsa na 1970 kan kafuwar dauloli a ƙasar Hausa, da ɗalibinsa marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, a littafinsa na tarihin Katsina da maɗaba'ar Jami'ar Ahmadu Bello ta buga a 1981, duk sun jawo hankali ga abu guda, watau cewa da yawa daga tsofaffin matsugunan Hausawa a gindin duwatsu suka kafu. Kano tana da Dala, Zazzau tana da Turunku da Kufena, yammacin Katsina Laka kuma yana da Kwatarkwashi.

Bayanin da ya gabata ya isa ya nuna mana dalili. Duk ruwan da ya sauka a kan sanƙon dutse gangarowa yake yi ya taru a gindi, saboda haka nan ƙasa ta fi laima, nan ake samun idon ruwa da kududdufi, kuma ramukan jikin dutsen kan riƙe ruwa har cikin rani. A ƙasar da ƙoramu ke ƙafewa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ƙasar gindin dutse ta fi ƙarfi, domin dutsen yana ta ba ta sabon sinadari. Daga samansa ana hangen abokin gaba tun daga nesa, a kogwanninsa kuma ana ɓoye mata da yara da hatsi. In aka yi sa'a akwai tama a kusa, to an sami ƙarfen gatari da na kibiya.

Abin da ya ba mutum ruwa da abinci da mafaka, ba mamaki ya girmama shi. Kafin Musulunci ya kafu, mutane sun ɗauki waɗannan duwatsu gidajen iskoki ne, wanda ke riƙe da tsafin dutse kuwa shi ke da faɗa a ji a gari. Kwatarkwashi ta shahara da tsafin Magiro, wanda sunansa ya kai nesa da ita. A ra'ayin malaman nan biyu, irin waɗannan cibiyoyi suna cikin tushen da sarauta ta tsiro daga gare shi. Gumakan yumɓu da aka tono a yankin Kwatarkwashi cikin shekarun 1990 sun nuna cewa zaman mutane a nan ya daɗe ƙwarai. Abin baƙin ciki, masu haƙa ta ɓarauniyar hanya ne suka tone yawancinsu aka yi waje da su, kafin masana su auna wurin da suka kwanta.

Doron yana da wani amfanin kuma ga fatake. Wanda ya bi tudu ba ya gamuwa da manyan koguna da za su tsare ayari, don haka wasu daga hanyoyin Kano da Katsina zuwa Yawuri da Nupe da Gwanja ta wannan yanki suka ratsa. Inda fatake suka sauka, malamai kan sauka. Haka 'Yandoto, wadda ke kusa da Tsafe ta yau, ta zama garin ilmi da ɗalibai ke nufa daga ƙasashe dabam-dabam. Labarin gargajiya ma ya ce Muhammadu Korau, wanda ya kafa sabon gidan sarauta a Katsina cikin ƙarni na 15, daga 'Yandoto ya fito.

Jihadi da Jan Iyaka

Jihadin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya fara a 1804. Ba da jimawa ba, wajen ƙarshen 1805, Muhammadu Bello ya sauka a bakin 'Yandoto. Malamanta da yawa ba su yarda da kiran jihadi ba, aka ci garin, suka watse. A 1807 Birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi, Malam Ummarun Dallaje ya zama sarki, tsohon gidan sarauta kuma ya yi arewa, daga baya ya kafu a Maraɗi.

Daga wannan lokaci Katsina Laka ta tsage biyu. Gusau ta kafu ƙarƙashin Malam Sambo Ɗan Ashafa tana bin Sakkwato kai tsaye, yammacin yankin ya fita daga hannun Birnin Katsina. In aka dubi taswira za a ga cewa ɓangaren da ya fita shi ne wanda ya fi gangarawa cikin kwarin kogin Sakkwato, wanda ya rage kuwa shi ne na kan doro. Siyasa ce ta yanke hukunci, amma ta bi inda ƙasa ta riga ta karkata. Shaidar tsohuwar dangantaka tana nan a cikin sunayen sarautu: sarkin Gusau Sarkin Katsinan Gusau ake ce masa, na Tsafe kuma 'Yandoton Tsafe. A ɓangaren Katsina, hakimin Ƙanƙara shi ne Sarkin Pauwa, na Funtuwa Sarkin Maska, na Faskari kuma Sarkin Yamma, watau mai tsaron wannan fuska.

Ƙarni na 19 bai zo wa bakin iyaka da sauƙi ba. Mayaƙan Maraɗi, musamman a zamanin Ɗan Baskore da kuma na Ƙaura Hasau a ƙarshen ƙarnin, sun riƙa ratsa dajin Ruma suna kai hari kudu. Ƙauyukan fili suka tashi, mutane suka tattaru a garuruwa masu ganuwa ko suka koma jikin duwatsu, gonaki suka zama kurmi. Ke nan wani sashe na dajin da muke gani a yammacin Katsina kufai ne da itatuwa suka rufe.

Da Turawa suka ci ƙasar a 1903, sai suka tabbatar da wannan tsaga a takarda. Gusau da Tsafe da Kwatarkwashi suka shiga Lardin Sakkwato, Faskari da Ƙanƙara suka zauna a ƙasar Katsina. Jihohin da aka yi ta ƙirƙirowa, tun daga 1967 har zuwa Jihar Katsina a 1987 da Jihar Zamfara a 1996, duk wannan layi suka gada. Allon iyaka da matafiyi ke wucewa bayan 'Yankara tushensa ya kai shekaru 200.

Auduga da Layin Dogo

Da hare-hare suka tsaya, sai dutse ya rage daraja, laka ta ƙara. Mutane suka sauko fili, baƙi kuma suka yi ta kwararowa daga jigawar arewa suna sarar daji, musamman a shekarun fari irin na 1913 zuwa 1914. Masaƙun Ingila suna neman auduga, Turawa kuwa suka gane cewa ƙasar da ta daɗe tana ba masaƙan Hausa zare za ta iya ba su. Aka shigo da irin audugar Amurka mai suna Allen a 1912, aka kafa gonar iri a Daudawa cikin ƙasar Faskari, kamfanin auduga na BCGA ya kafa injin gurza a Funtuwa. Layin dogo daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya isa Ƙaura Namoda a 1929. Funtuwa, wadda a da ba ta kai Maska ba, ta shige gabanta har sarautar ta koma can. Bukatar ruwan garin da ke girma a kan doro maras kogi ita ta sa aka gina madatsa a Mairuwa.

A 1975 aka buɗe Shirin Raya Aikin Gona na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya, tare da irinsa a Gusau da Gwambe. Shirin ya haɗa da gundumomin Faskari da Ƙanƙara. Ya kawo takin zamani da ingantaccen iri da hanyoyin karkara da ƙananan madatsu, kuma daga wannan lokaci masara ta zama babbar shukar yankin. Kasuwanni irin su Ɗandume suka zama wuraren da manyan motoci ke lodin hatsi zuwa ko'ina a Nijeriya.

Amma ci gaban ya zo da farashinsa. Hutun gona ya ƙare. Fadamun da makiyayi ke saukar da shanunsa da rani suka koma lambuna. Ko da yake Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya a 1965, gonaki sun yi ta cin burtali da mashaya kaɗan-kaɗan. A ƙasar da ruwan rani yake 'yan wurare ƙididdigaggu, duk wanda aka tsare wa hanyar mashaya an tsare masa hanyar rayuwa.

Daji

Daji ya saura ne a inda ƙasa ta fi duwatsu, da inda yaƙi ya kori mutane, da inda ikon sarki ɗaya ya ƙare na wani bai fara ba. Turawa suka shata waɗannan wurare suka mai da su gandun daji. Akwai Rugu daga arewa da Ƙanƙara, da Kogo a ƙasar Faskari da Sabuwa, da Kuyambana a Zamfara, da Kamuku a Birnin Gwari, wanda ya zama gandun daji na ƙasa a 1999. A 2020 Gwamnatin Tarayya ta amince a sa Kogo cikin sababbin gandayen ƙasa guda 10. A takarda sunayensu dabam-dabam ne, kowanne da jiharsa. A ƙasa kuwa kusan sarƙa ɗaya ce, mai tafiya zai iya fita daga wannan ya faɗa wancan.

Tun daga wajen 2011 satar shanu da ɗaukar fansa tsakanin manoma da makiyaya suka rikiɗe suka zama fashin daji a Zamfara, sa'an nan wutar ta tsallako. Dalilan na mutane ne: rashin adalci wajen shari'a, da cinye burtali, da yawaitar bindigogi, da kwaɗayin zinariyar da muka ambata, wadda tun a 2010 gubar dalmar da ke tare da ita ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Amma shimfiɗar ƙasa ita ta ba masifar masauki. Kogon da ya ɓoye kakanninmu daga mahara shi ya ɓoye mahara daga hukuma, dutsen hange kuma ya koma hannun mai bindiga. Bugu da ƙari, wanda ya yi ɓarna a Katsina yana tsallake ƙorama ya shiga Zamfara ko Kaduna, inda wata gwamnati ce ke iko. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A daren 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara. Ta dajin Pauwa aka yi da su, bayan kwana shida kuma aka karɓo yara 344 ta ɓangaren Tsafe. Mai lura zai ga cewa sunayen nan biyu su ne dai waɗanda muka gamu da su a tarihin Katsina Laka. A 2021 Gwamnatin Katsina ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya na wani lokaci, ta hana manyan motoci ɗauko itace daga daji, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama, har da Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara. Ƙasar da ake kira rumbu ta ga manomanta suna gudun gonakinsu.

Kammalawa

Mun ga yadda dutse ya tara mutane, yadda laka ta wadata su, da yadda rabuwar ruwa ta sa ƙasarsu ta zama bakin iyaka. Ƙasa ba ta tilasta wa mutum abin da zai yi, amma ita ke shimfiɗa masa filin, kuma wanda bai san filin ba ba zai fahimci wasan ba.

Abin da ya sami wannan doro bai tsaya ga mazaunansa ba. In aka sare itatuwan mafarin kogi, ruwa kan sauko da gaggawa ɗauke da ƙasa, ya cike madatsu da laka, ya bar ƙoramu busassu tun farkon rani. Madatsar Gusau da ta ɓalle a 2006 bayan ruwa mai yawa ta nuna irin ƙarfin da ke saukowa daga nan. Mai noman rani a Bakolori da masunci a Argungu suna da rabo a cikin lafiyar dajin Kogo, ko sun san sunansa ko ba su sani ba. Haka kuma matsalar tsaro da ta ratsa iyakokin jihohi ba za ta warku da maganin jiha ɗaya ba.

Akwai kuma aikin da ya rataya a wuyanmu mu ɗalibai. Kowane dutse da ƙorama da fadama da tsohuwar rijiya a wannan yanki yana da suna, kowane suna kuma yana da labari a bakin tsofaffi. Tsofaffin nan suna ƙarewa, wasu kuma gudun hijira ya raba su da wuraren da za su nuna da yatsa. Ya kamata duk ɗalibin da ya fito daga Faskari ko Ƙanƙara ko Sabuwa ya zauna da su a lokacin hutu, ko a garinsu ko a inda suka sami mafaka, ya rubuta sunayen da ma'anarsu da abin da ya faru a wurin. Muna kuma roƙon malamanmu na sashen Hausa da na Tarihi da na Labarin Ƙasa su haɗa kai su tattara abin da aka samo. Allah ya maido da zaman lafiya a ƙasar Laka, manomi ya koma gonarsa, makiyayi ya koma mashayarsa.